Dokar tantance ƙarfin biyan bashin gida a Amurka ba ta yafe wa kowa bashi ba

Makonni biyu da suka wuce wani ƙanina da ke zaune a Amurka ya turo mini saƙon murya, har muryarsa na rawa don murna. Ya ce, "Yaya, ashe akwai doka a nan, idan banki ya ba ka bashin gida bai binciki samunka da kyau ba, bashin ya faɗi ke nan, gida ya zama naka." Wata uku rabonsa da biya saboda aiki ya ja baya, wani kuma ya ba shi shawarar ya kwantar da hankalinsa, wai ranar da aka je kotu banki ne zai ji kunya. Ban gama juya maganar a raina ba sai ga wani saƙon a zauren WhatsApp da muke ciki tare. Shi kuma cewa yake doka ta haramta ba da bashin gida ga duk wanda basussukansa suka haura kashi 43 cikin ɗari na abin da yake samu, da duk wanda ba ya karɓar albashi. Daga doka ɗaya aka tsinto maganganun nan biyu, kowacce kuma an murɗe ta. Ta farkon ce ta hana ni barci, domin wanda ya gaskata ta zai iya wayar gari babu gida.

Sai an koma shekarun da suka gabaci 2008 ake gane dalilin dokar. A lokacin ana ba mutum bashin gida ba tare da an nemi ko takardar albashi ba, abin da ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa. Akwai wani nau'in bashi da ya yi kasuwa sosai, wanda kuɗin ruwansa ke da sauƙi a shekara biyun farko, daga nan ya yi tsalle, ya ci gaba da canzawa tsawon shekara 28 da suka rage. Wanda ya ba da bashin bai damu ba, tun da cikin 'yan makonni zai sayar da shi ga wasu, ya karɓi ladansa. Lissafin kowa shi ne farashin gidaje zai yi ta hawa, in mutum ya gaza a sayar da gidan a fanshe. Da farashi ya juya ƙasa sai asiri ya tonu. A watan Satumban 2008 gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin nan biyu masu sayen basussukan gidaje, ranar 15 ga watan kuma bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu.

A watan Yulin 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar Dodd-Frank, wadda ta kafa hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta kuma ƙara sabon sashe a tsohuwar dokar faɗin gaskiya a harkar bashi ta 1968. Hukumar ta fitar da ƙa'idojin aiki da sashen, suka fara aiki ranar 10 ga Janairun 2014.

A wuyan mai ba da bashi aka ɗora nauyin. Kafin a sa hannu dole ya yi bincike na gaskiya, ya gamsu cewa wannan mutum zai iya biya. An lissafa masa abubuwa takwas da zai duba, ciki har da samun mutum ko kadararsa, da matsayin aikinsa, da abin da zai riƙa biya duk wata haɗe da harajin gidan da inshora, da sauran basussukan da ke kansa har da kuɗin ciyar da yara bayan rabuwar aure, da tarihin yadda yake biyan bashi. Kuma da takardu zai tabbatar, irin su takardar albashi, takardar haraji da bayanan asusun banki. Abubuwa biyu a nan su suka toshe ramin da aka faɗa a baya. Darajar gidan da za a jinginar ba ta shiga lissafin kadarar da mutum zai biya da ita. Sannan in kuɗin ruwa mai canzawa ne, da cikakken farashinsa za a yi lissafi, ba da na ɗanɗano da ake jawo mutane da shi a farko ba.

Dokar ta shafi kusan duk bashin da aka jinginar da gidan zama a kansa, ban da kaɗan kamar bashin wucin gadi na wata 12 ko ƙasa da haka, da wanda ake ba tsofaffi a kan darajar gidansu, da asusun rance mai buɗewa da ake zara a hankali.

Yanzu ga hukuncin, inda ƙanina ya yi tuntuɓe. Idan aka tabbatar mai ba da bashi bai yi binciken ba, mai karɓa yana da haƙƙin diyyar asarar da ya yi, da wata tara da doka ta ƙayyade, da kuɗin lauya da na kotu. Babban kason shi ne diyya ta musamman daidai da kuɗin ruwa da sauran caje-cajen da ya biya, sai fa in mai ba da bashin ya nuna cewa kuskuren nasa bai taka kara ya karya ba. Shekara uku mutum yake da su don ya shigar da ƙara. Bayan sun wuce ƙofa ɗaya ce ta rage: in an zo ƙwace gidan, yana iya ɗaga wannan magana a matsayin kariya, komai daɗewar lokaci, ko da an sayar da bashin ga wani kamfani. Wannan "komai daɗewar lokaci" ita ce ta rikiɗe a bakin mutane ta koma "bashi ya faɗi".

Abin da kariyar ke yi shi ne rage kuɗi daga abin da ake bin mutum, kuma diyyar ta musamman ba ta wuce kuɗin ruwa da caje-cajen shekara ukun farko. Mu ɗauki misali. Mutum ya karɓi dala 200,000 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, zai biya cikin shekara 30. Duk wata yana ba da kusan dala 1,200. Bayan shekara uku ya biya ruwa na kusan dala 35,000, uwar kuɗin kuma ba ta ragu da fiye da dala 8,000 ba, wato ana bin sa kusan 192,000. Ko ya yi nasara a kotu, aka cire masa wannan 35,000 ɗin da ɗan abin da ya biyo baya, har yanzu akwai wajen dala 150,000 a wuyansa, gidan kuma yana nan a jingine. Sauƙi ne babba, ba na raina shi, yana iya sa banki ya zauna a sasanta. Amma wanda ya daina biya da sunan gida ya zama nasa ya haƙa wa kansa rami.

Akwai kuma abin da masu yaɗa maganar ba sa faɗa. Alƙali ranar da aka sa hannu yake dubawa. In a ranar an duba takardunka lissafi ya fita, daga baya aiki ya kuɓuce ko ciwo ya kwantar da kai, ba a ɗora wa mai ba da bashi laifin abin da bai sani ba. Wanda kuma kotu ta samu da laifin damfara wajen karɓar bashin, shi doka ta cire shi daga wannan kariya gaba ɗaya.

Shinge mafi tsawo shi ne abin da ake kira QM, wato bashin da ya cika wasu sharuɗɗa: bai wuce shekara 30 ba, ba irin wanda ake biyan ruwa zalla ba ne, uwar kuɗinsa ba ta ƙaruwa, caje-cajen farko kuma ba su haura kashi 3 cikin ɗari ba a manyan basussuka. Idan bashi ya shiga wannan aji, kuma tsadarsa ba ta kai maki ɗaya da rabi a kan matsakaicin farashin kasuwa ba, mai ba da shi ya hau tudun mun tsira, doka ta ɗauka ya yi bincikensa, ba a sake buɗe maganar. Misali in kuɗin ruwa a kasuwa yana kan kashi 6 cikin ɗari, duk abin da ke ƙasa da 7.5 ya tsira. Wanda ya fi haka tsada ana yi masa kyakkyawan zato ne kawai, mai karɓa na iya rushe zaton idan ya nuna cewa abin da ya rage masa bayan biya bai isa ya rayu ba. Mafi yawan basussukan gida da ake bayarwa a Amurka yau a ajin QM suke. A nan nake ganin an ɗan karkata wa bankuna: an ba talaka sanda, sannan aka zagaye yawancin masu ba da bashi da katanga. Masu kare tsarin suna cewa in babu katangar, tsoron ƙara zai sa bashi ya yi tsada ga kowa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kawar mini da damuwar ba.

Batun kashi 43 kuma, tun farko ba haramci ba ne. Sharaɗi ne na shiga babban rukunin QM: mai samun dala 5,000 a wata kada jimlar abin da yake biya na basussuka ta wuce 2,150. Bashin da ya haura haka halal ne a doka, mai bayarwa ne kawai ya rasa garkuwa. Ko a lokacin ma an yi rangwame, an ɗage sharaɗin ga basussukan da Fannie Mae da Freddie Mac za su iya saya. A watan Disamban 2020 hukumar ta cire adadin ta maye gurbinsa da ma'aunin tsada, wanda ya zama dole daga 1 ga Oktoban 2022: babban bashi yana zama QM idan tsadarsa ba ta kai maki 2.25 a kan farashin kasuwa ba, ƙananan basussuka kuma an ba su ƙarin fili. Har gobe ana duba yawan bashin da ke kan mutum, kowane banki kuma yana da nasa ma'auni, don haka in an ce maka a'a, ra'ayin bankin ne, wani na iya cewa e.

Duk da haka tsoron mutanen zauren yana da tushe. Rahoton da hukumar da kanta ta fitar a watan Janairun 2019, bayan shekara biyar ana aiki da ƙa'idar, ya nuna cewa masu bashi da yawa a kansu waɗanda ba su shiga rangwamen Fannie da Freddie ba sun ragu ƙwarai a cikin masu samun kuɗin sayen gida. Bankuna sun guje wa yawancin abin da ba shi da garkuwa, ko da doka ba ta hana ba. Masu sana'ar kansu, direban haya da mai shago da mai aikin kwangila, su suka fi shan wuya da tsohon jadawalin takardun tabbatar da samu da hukumar ta gindaya, wanda aka tsara shi kamar kowa ma'aikacin ofis ne. Gyaran 2020 ya soke jadawalin. Amma mutumin da ke rage samunsa a takardar haraji don ya biya kaɗan, ya sani da wannan takardar za a auna shi ranar da ya je neman gida.

Ba Amurka kaɗai ta bi wannan hanya ba. Birtaniya ta hana bashin "na faɗa da bakina" a watan Afrilun 2014, Tarayyar Turai ma ta yi dokarta a shekarar, inda ta ce kada darajar gida ta zama babban abin dogaro wajen auna mai karɓa. A Birtaniya tsaurin ya bar wasu da ake kira fursunonin jingina, mutanen da ke biya ba fashi amma suka kasa komawa bashi mai rahusa saboda ba su ci sabon gwajin ba.

Na kira ƙanina a daren ranar da ya turo mini saƙon, na ce ya ajiye maganar kotu tukuna. Akwai wata ƙa'idar ta daban, ita ma ta 2014, da ta hana kamfanin da ke karɓar biya fara shirin ƙwace gida sai mutum ya haura kwana 120 bai biya ba. In kuma ya miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci kafin a fara, dole a duba ta a ba shi amsa kafin a ɗauki mataki. Shi yana wajen kwana 90. Na ce gobe da safe ya nemi ɗaya daga cikin masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da su, tun da ba sa karɓar kuɗi a kan irin wannan matsala, ya tafi da takardun da ya sa wa hannu ranar da ya karɓi bashin. In akwai saɓa doka a ciki lauya zai gani. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Yaya, bari in nemo fayil ɗin."