Tayar A/T a Motar Fowil

Tayar A/T nau'in tayar mota ce da aka ƙera domin ta hau kwalta, ta kuma sauka ta shiga burji, yashi, tsakuwa da laka marar zurfi ba tare da an sauya ta ba. Haruffan biyu taƙaicen sunanta ne na Turanci, ma'anarsa "kowace irin ƙasa". An fi ɗaura wa motoci masu ja da ƙafa huɗu ita, waɗanda a tasha da gareji ake ce wa fowil, irin su Toyota Hilux, Land Cruiser, Prado, Mitsubishi Pajero da Nissan Patrol. Tsakanin nau'i biyu take: H/T, tayar kwalta mai ƙananan haƙora da ba ta da ƙara, da M/T, tayar laka mai manyan haƙora warwatse. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka A/T ba ta kai ta farko daɗin tafiya a titi ba, ba ta kuma kai ta biyu ƙarfi a taɓo ba. Amfaninta yana ga motar da ke kwana a gari ta wuni a ƙauye.

Asali

Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar fasahar taya mai suna radiyal a 1946. A wannan ƙira zaren jikin taya yana tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaure shi da ɗamarar waya a ƙarƙashin haƙora. An daɗe ana barin motocin daji da tsohuwar ƙira mai zare a gicciye, wadda gefenta ke da tauri amma take saurin ɗaukar zafi a doguwar tafiya. A 1976 kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da Radial All-Terrain T/A, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan nau'i. Michelin ya mallaki tayoyin BFGoodrich a 1990. Yau kusan kowane babban kamfani yana da tasa: Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar, Goodyear Wrangler, Dunlop Grandtrek, Toyo Open Country.

Ƙira

Fuskar tayar tubala ne na roba masu shiga juna, da kwaruruka masu faɗi a tsakaninsu domin ƙasa da ruwa su sami mafita. A kan kowane tubali akwai siraran tsage-tsage da ke taimaka mata kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Haƙoran sukan gangaro har kafaɗa, wani lokaci su leƙa gefe, don su kare shi daga kaifin dutse.

Ba duk A/T ce ɗaya ba. Wadda aka rubuta wa LT an yi ta ne domin motocin ɗaukar kaya, jikinta ya fi kauri, kuma ana nuna ƙarfinta da harafi: C daidai da ninki 6, D ninki 8, E ninki 10. Wannan lissafin ƙarfi ne kawai, ba ainihin yawan ninkin da ke ciki ba. Wadda ba ta da LT ta fi sauƙin nauyi da laushi a titi, amma ƙaya ta fi samun ta.

A cikin yashi

Arewacin jihar Katsina, daga Jibiya da Kaita zuwa Mashi, Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, ƙasa ce ta jigawa. Da an bar kwalta sai rairayi, musamman da rani, sa'ad da amalanken shanu suka gama tumurmusa hanya ta zama gari. A nan ne mutane da yawa ke yi wa taya gurguwar fahimta. Suna zaton girman haƙori ne ke fitar da mota, alhali a yashi haƙori haƙa yake yi. Tayar M/T da aka cika da iska, in direba ya taka totur, cikin ɗan lokaci za ta tona wa kanta rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. A/T ta fi ta a wannan wuri domin haƙoranta matsakaita ne, tana danne yashi ta bi ta kansa.

Sai dai abin da ke yin aikin na gaskiya shi ne iska. Taya mai awo 32 zuwa 35 a gejin mai faci tana taka ƙasa da ɗan wuri kaɗan. In aka rage ta koma tsakanin 16 da 20, sawunta yakan ƙara tsawo sosai, nauyin motar ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi ke shimfiɗuwa a rairayi. Wanda ya taɓa bin Hilux mai ɗauke da buhunan gero zuwa kasuwar Mai'adua ya san wannan: direba ya tsaya a bakin yashi, ya tsuguna gaban kowace ƙafa, ya danna bakin bawul da tsinken ashana yana saurare, har cikin tayar ya ɗan kumburo ta ƙasa. Sannan ya sa fowil, ya tashi a hankali da giya ta biyu, ba ya tsayawa, ba ya murɗa sitiyari da ƙarfi.

Rage iska yana da iyaka. In ta yi ƙasa ƙwarai, kwana mai kaifi na iya zare bakin taya daga rim. Mafi haɗari kuma shi ne a koma kwalta a haka. Taya marar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, da zafin rana ke haura digiri 40 a wannan yanki, ba ta jimawa take fashewa. Shi ya sa ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota, tare da geji, suka cancanci zama a motar kamar jak da safaya.

Ƙaya, kututture da marmara

Bayan yashi, babban abokin gabar taya a ƙasar Daura ƙaya ce: ta aduwa, ta bagaruwa, ta farar ƙaya, ga kuma kututturen karan gero da dawa da ke tsaye kamar mashi bayan girbi. Hujin fuskar taya, mai faci yana toshe shi. Yankan gefe ne ke kashe taya, don gefen radiyal ba shi da ɗamarar waya, kuma facin da aka yi masa ba abin dogaro ba ne a gudu. Ga mai shiga gonaki, ƙarin kuɗin LT ba asara ba ne. A burji mai gargada da tsakuwar marmara kuwa, rage iska kaɗan yana sa tayar ta rungumi dutse maimakon ta yi tsalle a kansa.

Laka

Da damina, musamman a Agusta, a fadamu da ƙasar laka ta kudancin jihar wajen Funtuwa, Bakori da Malumfashi, A/T tana nuna kasawarta. Taɓo yakan cike kwarurukan, ta koma kamar suɗaɗɗiya, ƙafa huɗun su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Wannan fagen M/T ne.

A kwalta

A titin Katsina zuwa Daura ko na Kano, A/T tana da ɗan gunji da ke ƙaruwa in ta fara cinyewa, kuma nauyinta da haƙoranta suna ƙara shan mai. A jiƙaƙƙen titi yawancinta sukan buƙaci tazara fiye da H/T kafin su tsaya. Nan akwai abin da ya kamata kowane direba ya riƙe: fowil tana taimakon ja ne, ba ta ƙara wa birki komai. Mota mai ja da ƙafa huɗu da mai ja da biyu, duk da roba huɗu suke tsayawa.

A motocin da ake sa wa fowil da hannu, kamar yawancin Hilux, akwai zaɓi uku: 2H ta kwalta ce, 4H ta yashi da burji, 4L ta hawa mai tsauri da fita daga kafewa. Barin 4H a busasshiyar kwalta yana ɗaure shaftar gaba da ta baya, domin a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya nisan tafiya, kuma ba inda za su zame. Haka ma haɗa tayoyi masu bambancin girma yake wahalar da giya. Huɗun su zama iri ɗaya, awo ɗaya, a riƙa sauya musu wuri bayan kamar kilomita 10,000 don su cinye tare.

Rubutun gefe da kasuwa

A 265/65R17, faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, R na nufin radiyal, rim kuwa inci 17. In 112T ta biyo baya, 112 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120, T kuma gudun da bai wuce kilomita 190 a awa ba. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna lokacin da aka ƙera tayar: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022.

Wannan kwanan wata ya fi muhimmanci a Najeriya, inda masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, aka koma dogaro da ta waje. Doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyi, amma gwanjo bai bar kasuwa ba, kuma tayar A/T tana yaudara, don zurfin haƙoranta yakan sa ta yi kama da sabuwa ko da robar ta bushe. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin a daina amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Michelin yana cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika biyar, a cire ta in ta kai goma ko yaya haƙoranta suke. Mai saye zai iya matsa gefen da babban yatsa a hasken rana: in ƙananan tsage-tsage suka buɗe kusa da bakin rim ko a cikin kwarurukan, robar ta gaji. A cikin kwarurukan kuma akwai ƴan tudun roba masu tsayin milimita 1.6. Duk ranar da haƙora suka yi daidai da su, tayar ta ƙare, ko da yake a yashi da laka ƙarfinta yakan ragu tun kafin a kai nan.