Waiwaye: Yadda aka rage ƙarfin hasken CT wajen neman tsakuwar ƙoda

Duk wanda ya taɓa ganin manomin rani a Kadawa ko Auyo ya durƙushe a bakin gona cikin zafin Afrilu, ya dafe kwiɓinsa yana gumi da amai, ya san tsakuwar ƙoda ba ƙaramin ciwo ba ce. Wahalar likita tun asali ita ce ya ga tsakuwar, ya san girmanta da inda ta maƙale tsakanin ƙoda da mafitsara, musamman a yankinmu inda tsargiya ma ke kawo fitsarin jini har a rikita su.

Shekara guda bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a 1895, likita John Macintyre na Glasgow ya ɗauki hoton tsakuwa a cikin ƙodar majiyyaci. Sai dai wannan hoton, wanda mutanenmu ke kira hoton ƙashi, ba ya nuna kowace tsakuwa, domin wadda sinadarin yurik asid ya haifar ba ta fitowa a cikinsa. A 1929 Moses Swick ya samar da ruwan da ake yi wa mutum allurarsa ta jijiya don ya haska hanyar fitsari, aka kuwa shafe shekaru sama da sittin ana dogaro da shi, duk da jiran da yake buƙata da kuma illar da yakan yi wa mai raunin ƙoda.

Na'urar CT ta Godfrey Hounsfield, wadda ke amfani da wannan hasken da kwamfuta ta ɗauki hoton cikin jiki yanki-yanki, ta fara aiki a kan majiyyaci a Landan a 1971, amma sai a 1995 ne Robert Smith da abokan aikinsa na Jami'ar Yale a Amurka suka nuna cewa za ta iya gano tsakuwa cikin 'yan mintuna ba tare da wata allura ba. Nan da nan asibitoci suka rungume ta.

Daga nan sabuwar damuwa ta taso. Hoton CT na ciki da ƙugu yadda aka saba ɗaukarsa yana kaiwa kimanin milisibat 10 (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), alhali abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda bai wuce 2.4 ba a matsakaicin lissafin duniya. Ita kuma tsakuwa ciwo ne mai dawowa, kusan rabin masu ita sukan sake yin wata cikin shekaru goma, wanda ke nufin saurayi ɗan shekara ashirin da biyar zai iya shiga na'urar sau da yawa kafin ya tsufa, illar hasken tana taruwa a jikinsa tana ƙara haɗarin ciwon daji, ko da kaɗan ne. Mafitar ta fito daga halin tsakuwar kanta: tana da tauri fiye da naman da ke kewaye da ita, don haka ko an rage ƙarfin hasken zuwa milisibat 3 ko ƙasa da haka, hoton ya yi dishi-dishi, tana nan fara fat. Bincike ya nuna ana gano fiye da kashi 90 cikin ɗari ta wannan hanya, sai dai takan kuskure tsakuwar da ba ta kai milimita 3 ba, da kuma ta masu ƙiba sosai. A 2014 wani babban bincike a Amurka ya ƙara nuna cewa farawa da sikanin, wanda sauti yake amfani da shi, maimakon CT bai jawo ƙarin illa ga majiyyata ba.

Wannan sakamakon na ƙarshe ya fi shafar mutumin Ringim ko Rano, domin sikanin ne ke kusa da shi, CT kuwa sai ya biya kuɗin mota zuwa birni, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani lokaci bayan ya sayar da akuya. Abin da ke damuna shi ne majiyyaci yakan dawo gida da hotonsa a cikin leda, ya ajiye a ƙarƙashin katifa, in ciwon ya dawo ya nufi wani asibitin hannu rabbana, a sake ɗaukarsa daga farko. Ya kamata likitan da ke tura shi ya rubuta a takardar cewa tsakuwa ake nema kuma a rage ƙarfin hasken, shi kuma majiyyacin ya riƙa tafiya da tsohon hotonsa, mace kuwa ta faɗa tun kafin a kwantar da ita idan tana da juna biyu.