Mene ne tallafin gwaji ga sabon mai bincike?

Sanarwar neman kuɗin bincike da ke isowa hannun malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da likitocin asibitocin Maradi takan zo da wani abu da ake kira tallafin gwaji, galibi haɗe da alkawarin jagora. Kuɗi ne kaɗan, na shekara ɗaya ko biyu, da ake bai wa wanda bai daɗe da kammala digirin dakta ko ƙwarewar likitanci ba, don ya jarraba ko hanyar da ya tsara za ta yi aiki kafin ya nemi babban tallafi. A Amurka, alal misali, hukumar binciken lafiya ta NIH tana da ƙaramin tallafi mai suna R03, wanda bai wuce dala 50,000 a shekara ba, tsawon shekara biyu. Abin da manomi yake yi ke nan idan ya karɓo sabon irin gero daga cibiyar binciken noma ta Tarna: sai ya shuka shi a ƴan kunyoyi tukuna, ya ga yadda zai yi da ƙasarsa.

Wani lokaci irin wannan sanarwa takan haɗa binciken shaye-shaye da na ciwon daji wuri guda. Me ya haɗa su? Taba ce da giya. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai kusan 70 da aka tabbatar suna haddasa daji, giya kuma tana da hannu a dajin hanta, maƙogwaro da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya kauce wa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na cututtukan daji. A ƙasar da sai a 2021 aka fara gashin daji da na'ura, kuma a Yamai, wanda ya raba matashi da sigari ya yi aikin rigakafi na gaske. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun 2006, amma doka daban, sanin abin da ke sa mutum ya daina daban.

Inda sababbin masu bincike suka fi tuntuɓe shi ne zaton cewa gwajin zai ba su amsa. Ba zai ba su ba. A ce wata likita tana son ta san ko nasiha ta minti goma da harshen Hausa za ta taimaki ƴan kabu-kabu masu shan tiramol su rage taba. Da mutum 40 ba za ta iya cewa nasihar ta yi aiki ba. Adadin ya yi kaɗan. Abin da za ta gano wani ne, kuma ya fi daraja. Shin za su yarda su yi magana a tasha, ko sai an bi su fada da dare lokacin shayi? Idan an tambayi mutum ƙwaya nawa yake sha, zai faɗi gaskiya ko zai ɗauka ɗan sandan ciki aka turo? Mutum nawa za su dawo bayan wata uku, alhali damina ta kwashe rabinsu zuwa gona, wasu sun ƙetara Jibiya? Waɗannan alƙaluma ne masu ba da babban tallafi suke nema, domin su ke nuna cewa mai neman ya taka ƙasa. Gwajin da ya nuna hanya ba ta ɓillewa bai faɗi ba, ya hana asarar miliyoyi ne.

Sai batun jagora, wanda a ganina ya fi kuɗin muhimmanci. Ba malamin da ke duba kundin digiri ba ne, kuma ba shugaban sashe ba. Gogaggen mai bincike ne da ya taɓa cin tallafi, ya taɓa shan ƙin amincewa, ya san yadda ake rage tambaya mai faɗi ta koma wadda za a iya amsawa cikin wata goma sha biyu. Shi zai ce maka kasafinka ya manta da man babur da ladan masu tattara bayanai, ya tuna maka cewa takardar izinin kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya tana cin lokaci, don haka a nema da wuri.

Akwai abin lura a nan. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba takan sa ƙarami ya kasa tambayar malaminsa sunan wa zai zo farko a maƙala, alhali da maƙalun nan hukumar CAMES, mai tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, take duba ƙarin girma. Shirye-shirye masu kyau sukan sa a rubuta wannan tun farko: sau nawa za a haɗu a wata, wa ke riƙe da bayanan, wa zai sa hannu a kan kuɗi. Idan jagoran yana Faransa ko Amurka, a nemi na biyu a gida, wanda ya san mai unguwa da shugaban ƴan kabu-kabu, domin ta hannunsu ake samun mutum 40 ɗin.