Waiwaye: Yadda Haraji Da Lissafin Taurari Suka Raya Bikin Nowruz Na Farisawa

A Iran sabuwar shekara ba ta shiga da tsakar dare, tana shiga ne a daidai daƙiƙar da masana taurari suka ayyana cewa tsawon dare da yini sun daidaita, ranar 20 ko 21 ga Maris, ko da kuwa lokacin ya faɗo da asuba ko da la'asar. Wannan shi ne Nowruz, bikin da ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Farisa da ƙarnuka masu yawa, wanda tushensa yake cikin addinin Majusawa mabiya Zaradashtu. Littafin Shahnameh na Firdausi, wanda aka kammala a 1010, ya jingina farkonsa ga Jamshid, sarkin tatsuniya, kuma masana da dama suna ganin zane-zanen da aka sassaƙa a bangon Fasifolis, birnin da Sarki Dariyus ya fara ginawa wajen 518 kafin haihuwar Annabi Isa, hoton wakilan larduna ne suna kawo gaisuwar wannan biki.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, daular Sasaniyawa ta Farisa ta faɗi hannun Musulmi a ƙarni na 7, addinin Majusawa ya yi ta ja da baya, amma bikin bai motsa ba. Dalili mafi ƙarfi, a ganina, yana cikin baitulmali. Shekarar Hijira ta wata ce, tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, don haka ba ta zama ma'aunin karɓar harajin gona ba, kamar dai yadda manomin ƙasar Hausa yake azumi da ganin wata amma shuka da girbi sai ya dubi damina da kaka. Halifofin Abbasiyawa a Bagadaza sun gaji tsarin Farisawa na buɗe karɓar haraji da Nowruz, suka kuma gaji al'adar karɓar kyaututtuka daga hakimai a ranar.

Sai dai kalandar Farisawa ta da tana da naƙasu, domin kwana 365 cif take ƙirgawa, ba ta ƙara kwanan da ake ƙarawa duk bayan shekara huɗu, saboda haka bikin yana riga lokacinsa da kwana ɗaya a kowace shekara huɗu. A 632, shekarar da Yazdigird na uku, sarkin Sasaniyawa na ƙarshe, ya hau gadon sarauta, Nowruz ya faɗo ranar 16 ga Yuni, lokacin da amfanin gona ya nuna. Zuwa zamanin Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, ya riga ya sauko cikin Afrilu, ana bin manoma haraji alhali hatsinsu yana ɗanye a gona, har sai sun ci bashi su biya. Masani Albiruni ya ruwaito cewa halifan ya yi niyyar gyara lamarin amma aka kashe shi kafin ya zartar. Halifa Mu'utadid ne ya tsayar da ranar buɗe haraji a 11 ga Yuni cikin shekarar 895, aka riƙa kiranta da sunansa.

Gyaran da ya ɗore ya zo ne a 1079, lokacin da Sarki Malik Shah na Saljuƙawa ya tara masana taurari, ciki har da Umar Khayyam, wanda duniya ta fi sani da waƙa duk da cewa gwanin lissafi ne, suka ɗaure farkon shekara da daidaitar dare da yini, ta yadda ba zai sake yawo ba. A kan wannan tsari majalisar Iran ta gina kalandar hukuma a 1925, wadda take ƙirga shekaru daga Hijira amma da tafiyar rana, shi ya sa a Maris na 2025 Iran ta shiga shekarar 1404 alhali sauran Musulmi suna cikin 1446. A 1976 Sarki Muhammad Reza Pahlavi ya mayar da ƙirgen zuwa zamanin Sarki Sairus, wanda ya kafa daular Farisa ta da, mutane suka kwana a 1354 suka wayi gari a 2535, lamarin da ya fusata malamai ƙwarai, kuma dole aka janye shi a 1978.

Bayan juyin juya halin 1979 wasu malamai sun ƙyamaci sassan bikin, musamman tsallaken wuta da ake yi a daren Larabar ƙarshe ta shekara, amma jama'a ba su bari ba, kuma a yau jagoran addini na ƙasar da kansa yakan gabatar da jawabin sabuwar shekara. Iyalai suna share gida ƙal, su shimfiɗa abubuwa bakwai da sunayensu suka fara da harafin sin a harshen Farisa, kamar tsiron alkama da tafarnuwa da tuffa, su ajiye madubi da Alƙur'ani ko diwanin mawaƙi Hafiz a gefe, manya su raba wa yara sababbin takardun kuɗi. A rana ta 13 kowa yakan fita daji ko lambu ya wuni, a jefa tsiron alkamar cikin ruwa mai gudu.

Bikin ya wuce iyakar Iran tun da daɗewa, Kurdawa da Tajikawa da Azabaijanawa da Farisawan Indiya duk suna yinsa, kuma Taliban sun hana shi a Afganistan a shekarun 1990. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2009, sannan a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Maris. A garin Makunduchi na Zanzibar ma ana yin bikin Mwaka Kogwa, wanda mutanen wurin suke dangantawa da baƙi daga birnin Shiraz na Iran, kuma a watan Yuli ake yinsa, domin lissafinsu bai bi gyaran Malik Shah ba.