Karuwanci da doka: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Na sha amsa waɗannan tambayoyi, kuma har gobe ana dawo mini da su, don haka na tattara su wuri guda.

Shin karuwanci laifi ne a ko'ina?

A'a, kowace ƙasa da nata tsarin. A mafi yawan Amurka laifi ne, amma an halatta shi a wasu gundumomi na jihar Nevada. Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a 2000, Jamus kuma ta amince da shi a matsayin sana'a a 2002.

Mai magana kan haƙƙin karuwai ba goyon bayan zina yake ba?

Wannan tambaya ta ishe ni. Musulunci da Kiristanci duka sun haramta zina, ni ma ban nemi kowa ya sauya imaninsa ba. Sai dai babu addinin da ya ba wani izinin ya yi wa mace duka, ko fyaɗe, ko ya ƙwace mata kuɗi saboda abin da take yi, kuma a kan wannan haƙƙi nake magana.

Idan aka yi wa mai wannan sana'a fyaɗe ko duka a ƙasar da karuwanci laifi ne, ta kai ƙara?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma ba ta da amsa ɗaya. A ƙa'ida, fyaɗe laifi ne ko wace ce aka yi wa, domin amincewar da mace ta bayar jiya, ko kuɗin da ta karɓa, ba ya kawar da ikonta na cewa a'a yau. A aikace kuwa, mai kai ƙara tana iya tona wa kanta asiri, tun da tambayar farko da za a yi mata ita ce me ya haɗa ta da mutumin, kuma a wurare da dama ana ɗaukar kwaroron robar da aka samu a jakarta a matsayin shaida a kanta. Wasu wuraren sun toshe wannan kafa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 da ta hana kama mai wannan sana'a idan ta zo kai rahoton babban laifi, ta kuma hana kafa hujja da kwaroron roba, sannan Kotun Ƙolin Indiya a watan Mayun 2022 ta umarci 'yan sanda su karɓi ƙorafin irin waɗannan mata kamar na kowa. Inda babu irin wannan kariya, shawarata ita ce ta fara zuwa asibiti kafin komai, domin maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma rahoton likita shaida ce mai ƙarfi ko da daga baya ta yanke shawarar kai ƙara. Bayan haka ta nemi lauya ko ƙungiyar kare haƙƙin mata su raka ta wurin 'yan sanda, kada ta je ita kaɗai. Idan baƙuwa ce marar takardun zama, ko tana da 'ya'yan da za a iya raba ta da su, lissafin ya ƙara nauyi, kuma ba zan zarge ta ba idan ta yi jinkiri. Ta sani dai cewa laifin na wanda ya cutar da ita ne.

Ai duk safarar mutane ce, ko?

Ku daina haɗa su. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da safarar mutane, ta bayyana safarar mutane da tilas, yaudara ko barazana, kuma wanda bai kai shekara 18 ba, amincewarsa ba ta da wani amfani a doka. Kawalin da ya jefa yarinya cikin wannan hali kurkuku ya dace da shi a kowane tsari.

To wane tsari ya fi?

Nan ne muhawarar take. Suwidin tun 1999 tana hukunta mai saye ta ƙyale mai sayarwa, Norwe ta bi sahu a 2009, Faransa a 2016, bisa hujjar cewa talauci ne ke tura mata ciki kuma rage masu saye zai rage safarar mutane. Niyu Zilan a 2003 ta cire laifin gaba ɗaya tsakanin manya, da ƙuri'a 60 da 59 a majalisar dokokinta, kuma ƙungiyar Amnesty International ta goyi bayan irin wannan tsari a 2016. Masu sukar tsarin Suwidin suna cewa mai saye da ke tsoron kamu yana jan matar zuwa lungun da babu mai jin ihunta, kuma ni wannan suka tana da nauyi a wurina, ko da yake na yarda cewa cire laifi kaɗai ba ya ba mace wata sana'ar idan tana son fita.