Kuɗin ƙarfafa gida kafin bala'i a Amurka, ta ina yake bi?

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da wata ƙa'idar gini guda ɗaya da ta ɗora wa kowa. Jiha ce, wani wurin ma ƙaramar hukuma, ke yanke yadda za a zuba tushe da yadda za a ɗaure rufi. To tunda ba ta iya tilasta musu, sai ta riƙa jan su da kuɗi.

Tushen abin dokar Stafford ce ta 1988. Da zarar shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i a wata jiha, FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, za ta fitar da kuɗin agaji, a kai kuma ana iya ƙara wani kaso, yawanci 15 cikin 100 na agajin, ko 20 in jihar tana da ingantaccen shirin rigakafi, shi ne ake ce wa HMGP. Da shi ake ɗaga gida sama da inda ruwa ke kaiwa, a ɗaure rufi da ƙarfe, a gina ɗakin fakewa daga guguwa, ko kuma gwamnati ta sayi gidan ta rushe shi, filin ya zauna fili har abada ba mai sake gini a kai.

A Oktoban 2018 aka yi wa dokar gyaran da ya fi burge ni. Aka ce ba sai an jira ɓarna ba, a ware har kashi 6 cikin 100 na kuɗin bala'i a yi aiki tun kafin ruwa ya zo, daga nan shirin BRIC ya fito. Dokar ta kuma yarda FEMA ta biya kuɗin masu duba gini da ba da izini na kwana 180 bayan bala'i, don lokacin ne kowa ke gaggawar mayar da rufi ana yin aikin ha'inci. Florida ta ga haka da idonta, guguwar Andrew ta 1992 ta kwashe rufin dubban gidaje, sai a 2002 ƙa'idar gini ta jihar gaba ɗaya ta fara aiki. Cibiyar nazarin gini ta ƙasar ma ta yi lissafi a 2019 cewa duk dala 1 da aka kashe wajen bin sabuwar ƙa'ida tana hana asarar dala 11.

Amma fa ga inda abin ke ci min rai. Mai gida ba ya cike fom ya miƙa wa FEMA da kansa, dole ƙaramar hukumarsa ce za ta nema ta hannun jiha, kuma sai tana da shirin rigakafi da aka amince da shi. Yawanci tarayya na biyan kashi 75, sauran 25 ɗin jiha ko gari ko shi mai gidan ne zai kawo. Kaga babban birni mai injiniyoyi da masu rubuta takardar neman tallafi zai samu, ƙaramin gari mai ma'aikata ƙalilan kuwa sai kallo, alhali can ne gidajen suka fi rauni.

Sannan akwai ƙa'idar rabi. In gidanka na yankin ambaliya kuma kuɗin gyaransa ya kai rabin darajar ginin, ba za a bar ka ka mayar da shi yadda yake ba, sai ka bi ƙa'idar yanzu, sau da yawa sai an ɗaga shi. Mai inshorar ambaliya ta gwamnati zai iya samun har dala 30,000 don wannan, kuma ɗaga gida kan wuce haka. Wanda ba shi da inshora sai ya nemi bashin SBA, hukumar tarayya mai kula da ƙananan 'yan kasuwa.

BRIC ɗin ma bai tsira daga matsala ba. A Afrilun 2025 FEMA ta ce ta soke shi, jihohi 20 suka kai ƙara, a watan Agusta wani alƙalin tarayya a Boston ya hana a karkatar da kuɗin zuwa wani aiki. Kafin a kai nan garuruwa da dama sun riga sun dakatar da ayyukan magudanar ruwa da suka yi shekaru suna shiryawa.