Ƙananan lambobin yabon soja na zamanin Biktoriya

Ƙananan lambobin yabon soja kwafi ne na lambobin da gwamnati ke bai wa sojoji, waɗanda ake ƙerawa da kimanin rabin girman na ainihi domin a maƙala su a rigar liyafa. A Birtaniya sun yi tashe a zamanin Sarauniya Biktoriya (1837–1901), lokacin da hafsa ɗaya kan yi yaƙi a nahiyoyi uku ko huɗu kafin ya ajiye kaki. A yau akwai masu sha'awar tsofaffin kayan soja da ba sa tara komai sai su.

Asali

Ana kyautata zaton an fara yin su ne bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon, wajejen 1815 zuwa 1820. Lambar ainihi azurfa ce mai faɗin kusan milimita 36, kuma idan aka jera goma a ƙirjin gajeriyar rigar da hafsoshi ke sawa wajen cin abincin dare a bariki, sai nauyinsu ya ja rigar ƙasa. Gwamnati ba ta raba ƙananan. Hafsa ne ke zuwa wurin maƙeran zinariya na Landan, irin su Hunt & Roskell ko Garrard ko Spink, ya biya daga aljihunsa. Shi ya sa na farko-farko ba su da girma ɗaya: wata kamar maɓallin riga, wata ta ɗara haka, wasu ma har da ɗan maɗaurin azurfa a saman ƙyallen rataya. Sai can cikin rabi na biyu na ƙarni na 19 dokokin suturar soja suka fayyace inda ake saka su.

Jerin Garnet Wolseley

Ƙirjin Fil Mashal Garnet Wolseley (1833–1913) ya isa misalin abin da masu tarawa ke nema. Ɗan Ailan ne, an haife shi kusa da Dublin. Ya fara da yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) na 1852–53, inda harsashi ya same shi a cinya, ya kuma samu lambar Indiya mai ɗan ƙarfe da aka rubuta wa "Pegu". Irin wannan ɗan ƙarfen, da ake gicciyawa a kan ƙyalle, shi ke faɗin fagen da mutum ya halarta. A yaƙin Kirimiya ya rasa ganin ido ɗaya a gaban Sebastopol, ya dawo da lambar Birtaniya da ta Turkiyya da ta Faransa. Daga nan sai boren Indiya na 1857–58 a Laknau, sai Sin a 1860, sai Kanada, inda ya jagoranci tafiyar Red River a 1870, duk da cewa lambar wannan tafiya ba ta fito ba sai a 1899.

Yaƙin Asante na 1873–74 ne ya fito da sunansa. Bayan gumurzun Amoaful a ranar 31 ga Janairun 1874, dakarunsa suka shiga Kumasi a ranar 4 ga Fabrairu, suka kwashi kayan fada, suka banka wa garin wuta. Sojojin Hausawa na cikin wannan yaƙi, musamman a rundunar da Kyaftin John Glover ya taso da ita ta ɓangaren kogin Volta. Lambar yaƙin na ɗauke da kan sarauniya a gaba, a baya kuma zanen Edward Poynter na faɗa a cikin kurmi, an kewaye wata bishiya. Ƙyallenta ruwan ɗorawa ne mai baƙin gefe da siraran baƙaƙen layuka biyu, ɗan ƙarfenta kuma an rubuta masa "Coomassie". Matse wannan cunkoson mutane a kan azurfar da ba ta wuce milimita 18 ba, nan ake gane gwanin maƙeri: a aikin ƙwarai ana iya rarrabe bindiga da reshe, a na banza kuwa komai ya dunƙule. An bai wa sojojin Afirka lambar ainihi, amma ƙaramar al'adar hafsoshi ce.

Bayan Asante sai ƙasar Zulu a 1879, sai Masar, inda ya murƙushe sojojin Ahmad Urabi a Tel el-Kebir ranar 13 ga Satumban 1882, ya ƙara lambar Masar da tauraron tagulla na Khedive, wato sarkin Masar na lokacin. Tafiyar kogin Nilu ta 1884–85, wadda aka yi don ceto Janar Gordon na Birtaniya a Sudan, ba ta yi nasara ba, domin 'yan gaba-gabanta sun iso Khartum kwana biyu bayan mayaƙan Mahadi sun kashe Janar Gordon. Duk da haka ita ma an yi mata ɗan ƙarfe. Wolseley ya zama babban kwamandan sojan Birtaniya daga 1895 zuwa 1900.

Tarawa

Babbar matsalar ita ce suna. Ana zana sunan mai lambar ainihi a gefenta, ƙananan kuwa galibinsu ba su da suna. Saboda haka ana danganta jeri ga wani hafsa ne ta hanyar wasiƙar iyali, ko tsohon hoto, ko akwatin maƙeri, ko kuma haɗin lambobin da da wuya wani ya same shi in ba shi ba. Masu saye sukan duba hatimin azurfa da tsufan silikin ƙyalle, kuma ba a son a canza ƙyallen asali ko da ya koɗe. Jabu na da yawa, har da jerin da ake harhaɗawa daga ɗaiɗaikun tsofaffin lambobi a laƙaba masa sunan wani janar.

Farashinsu bai kai na manyan ba ko kusa, sai fa idan shaidar mai su ta tabbata. Gidajen gwanjo na Spink da Noonans a Landan suna sayar da su, kuma ƙungiyar Orders and Medals Research Society, wadda aka kafa a 1942, tana buga bincike a kansu.

Taƙaddama

Ana saɓani kan raba ƙananan da manyan a wajen gwanjo. Wasu kuma na ganin cinikin ɗaukaka yaƙe-yaƙen mulkin mallaka ne, masu tarawa na cewa adana tarihi suke yi.